Ya Je Ne Ko Ya Tafi?

A makarantarmu ta bayan Auyo,
ajin da iska ta yaye wa rabin kwano,
na ɗauki guntun alli ranar Talata,
na rubuta go, na ja kibiya,
na rubuta went a gabanta.

Na ce, "Yara, ku dube su da kyau.
Wannan na yau ne, wancan na jiya.
An ce gidansu ɗaya,
amma ko harafi guda ba su haɗa ba."

Gambo ya ɗaga hannu ya ce goed,
don makon jiya na koya musu
yadda ake ɗaura wa aiki wutsiya.
Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba.
Yaron kan hanya yake,
harshen ne ya ratse.

Mu a namu, tafi ba ta sauya riga.
Na tafi, kin tafi, za mu tafi:
mutum ne ke ɗauke da lokaci a ka,
kalmar na zaune kamar turmi a tsakar gida.
Shi kuwa Bature, in abu ya wuce,
wani sa'in sai ya sake masa kama,
kamar ɗan ci-rani da ya dawo daga kudu,
karen gidansu na yi masa haushi a zaure.

Na ce kowa ya yi jimla.
Wannan ya kai kansa kasuwar Haɗeja,
wancan ya kai yayarsa rijiya.
Ladidi, can kusa da taga,
kalma uku ta rubuta:
My father went.
Ta danna ɗigo har fensir ya huda takarda.

Na ce, "Ina wurin?
Went na son wuri, kamar guga da rijiya.
Gona ce, ko masallaci, ko Kano?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam,
shi went ɗin, ya je ne ko ya tafi?"

Shekara goma sha tara ina cin ƙurar alli,
ba wanda ya taɓa tare ni a wannan kwana.
Wanda ya je, ana rufe masa tuwo da faifai.
Wanda ya tafi, a hankali
ake naɗe tabarmarsa a jingine bayan ƙofa.

Na san ubanta, Ilu mai kwalekwale.
Shekarar da ruwa ya cinye shinkafa
ya hau motar tumatur bayan asuba,
ya ce sai ya kira.
Damina biyu ke nan.

Na ce, "Turanci bai raba su ba, 'yata.
Buhu ɗaya ya zuba su ya ɗinke baki.
Mai magana ne ke zaɓa."

Ta yi shiru. Akuya ta leƙo ta fita.
Sai ta lashi yatsa,
ta murje ɗigon nan har wurin ya yi baƙi,
ta bar fili bayan went,
faɗinsa ya ishi sunan gari.

Jan birona na aljihu.
Ban ciro shi ba.
Aka buga ƙarfen tashi, suka watse,
ni na tsaya goge allo,
na goge go, na goge kibiya,
hannuna ya daɗe bai kai ga ɗayar ba.