Shayin Mabluda

Ƙarfe tara na dare jirgin ƙasa ya bar Tashkan,
ni da jakata da tarin da na kwaso a hanya.
Tikiti ya ce gadon sama.
A ƙasa wata tsohuwa ta riga ta baje duniyarta:
tsumman tebur, kankana guda, dafaffen ƙwai a takarda,
da jika ɗan shekara bakwai mai giɓi a gaba.

Ta dafa ƙirji, ta ce, "Mabluda."
Na dafa nawa, na ce, "Ashiru."
Ta juya sunan a baki kamar ƙwallon dabino,
ta fito da shi "Ashur". Na ce to, na karɓa.
An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi,
ni har sunana sai da ya sauya riga.

Yaron, Dabron, ya ruga ƙarshen tarago da buta,
inda tukunyar ruwa ke huci ba hutu.
Ta tsiyaya shayi a kofin tangaram marar hannu,
ta mayar cikin buta. Ta sake, ta mayar.
Sau uku, ni kuwa sai haɗiyar yawu.
Da ta miƙo, ko rabi bai kai ba,
kurɓi biyu sai ga zanen auduga a gindin kofi.

Na ce a raina, wannan baba akwai maƙo!
A gidanmu sai kofi ya cika ya tumbatsa
kafin a ce an karɓi baƙo.

Ta ba ni gurasa mai tambari a cibiya.
Na gutsura, na ajiye ta a kife.
Kafin ƙiftawa hannunta ya iso,
ta juya ta, ta sumbata, ta kai goshi.
Ba ta ce uffan ba.
Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige.

Tsakar dare tari ya tashe ni.
A taga, sahara ce ba iyaka,
gishiri ya kwanta fari fat
kamar zannuwan da aka manta a shanya.
Na ji motsi a ƙasa, sai ga hannu ya miƙo sama,
kofin nan dai, da ɗan guntun shayinsa,
da dunƙulen sukari mai kama da ƙanƙara.
Na sha, na mayar. Ya dawo.
Na sha, na mayar. Ya dawo.
A na takwas barci ya sace lissafin.

Da asuba wani malamin makaranta, Rabshan,
muka haɗu a layin wanke fuska,
Larabcinsa gurgu, nawa da sanda.
Na yi masa ƙorafi cikin raha. Ya daina dariya.
Ya ce, "A nan, cikakken kofi sallama ce,
sha ka kama gabanka.
Wanda aka rage cewa yake yi:
zauna, ina nan, hannuna bai gaji ba."

Na koma da guntun Larabci da tarin magana,
na tarar tana ɗaure kaya.
Wata 'yar tasha ce da ban iya karanta sunanta ba,
bishiya uku, kare, da mutum a kan keke.
Ta tura mini rabin kankana,
ta shafa fuska da tafi biyu, na shafa.
Dabron ya daki gilashi da hanci har jirgi ya ja.

Kwana biyu bayan nan, a Hiba,
a gidan shayi kusa da guntuwar hasumiya mai shuɗin ado,
wani saurayi mai sauri ya cika mini kofi fal,
har ya zuba a faranti,
ya juya ga baƙi na gaba.

Na zauna ina kallonsa har ya huce.