Shafi Na Talatin Da Bakwai

Tun bara nake shafi na talatin da bakwai.
Rasitin kantin maganinmu ne alamata,
tawadarsa har ta koɗe.
Matar da ke cikin labarin tana tsaye bakin taga
da wasiƙa a hannu, shekara guda cur,
tana jira in samu sarari ta buɗe.

Safiyata a Braga ba ta sallama:
madara ta tafasa ta zube,
Vasco ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya,
Benedita ta ce gashinta ya ƙi ta,
Telmo na neman makullin da ke aljihunsa.
Duk wanda ya ajiye abu a gidan nan,
a kaina ya ajiye.

Agusta ta zo, muka ɗura gida cikin mota,
laima, tawul, tukunyar da ba za mu taɓa ba.
Ba mu bar unguwa ba Vasco ya ce fitsari.
Kafin Viana an tambaye ni sau goma sha ɗaya ko mun iso.
Na ɗora littafin a cinya, na buɗe,
sai hanya ta fara lanƙwasa,
cikin Benedita ya juya.
Na rufe, na laluba leda.

Sun ce hutu. Hutun jaki da kaya a ka.
A bakin teku ido ɗaya na kan layi,
ɗayan na kan igiyar ruwa.
Jimla guda na karanta sau huɗu
ina ƙirga kawuna: ɗaya, to ina na biyun?
Ga shi can, yana binne ƙafar ubansa a rairayi.

Ran Asabar Ondina ta cika hamsin.
Bara warhaka ba wanda ya isa ya faɗi wannan lamba.
Ni nake ƙirga mata ƙwayoyi a kanti
ina ɓoye fuska bayan kwalabe.
Yau gashinta ya tsiro, gajere, fari kamar gishiri.
Ta jera tebura a bayan gidan uwarta, ƙarƙashin inabi,
hayaƙin gasasshen kifi ya shiga rigar kowa,
Amílcar ya ɗauko jitarsa mai tsirkiya biyar,
ta shidan ta tsinke tun auren Lurdes.
Aka kunna kyandir hamsin,
iskar teku ta riga ta hurewa.
Ta ce, "Madalla, ko numfashi an rage mini aiki."
Muka yi dariya har uwarta ta sa gefen gyale a ido.

Ta ja ni rawa ba takalmi.
Cikin juyi ta ce a kunnena, "Littafina fa?"
Na ce saura ƙiris.
Ta ce, "Graciete, tun muna 'yan aji uku ba ki iya ƙarya ba."

A gadon asibiti ta miƙo mini shi.
Ta ce ki karanta, ki zo ki ba ni ƙarshen,
idona ya gaji.
Na kai talatin da bakwai a daren, na tsaya cak.
Shekara guda ina ɗora wa yara laifi.
Gani nake muddin labarin bai ƙare ba
dole ta jira ni.

Da asuba, gida na minshari,
na zauna kan matakala da bargon Telmo a kafaɗa.
Rairayi ya zubo daga tsakanin shafuka.
Matar ta yage bakin wasiƙar.
Ba mutuwa ba ce ashe,
ƙanwarta ce ke neman aron kuɗi.

Talatin da takwas. Arba'in. Arba'in da ɗaya.
Kofi ya huce ban sani ba.

Sai daga ciki, muryar barci:
"Mama, ina takalmina?"

Na sa rasitin a sabon wuri.
Na ce, "Duba ƙarƙashin gado."
Ban tashi ba.