Inci Biyu da Rabi

Shekara tara motar tana cikin akwatuna
a garejin babana, can Todmorden,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Gunduwa-gunduwa ya sayo ta,
ƙashi daban, fata daban,
injin kuwa na wata tsohuwar Sierra ne
da tsatsa ta ci har wuya.
Ya harhaɗa ta da daddare, bayan shayi,
noti bayan noti, har ta tsaya da ƙafarta.

Ranar da muka fara fita da ita
iskar tudu ta yi mana aiki kyauta.
Sai da muka faɗa cunkoson Halifax,
jar danja ta riƙe mu sau uku,
allurar zafi ta kama hawa
kamar mai bin bashi a matakala.
Tururi ya turnuƙe hancin motar.
Wani yaro a bas ya nuna mu da yatsa.
Baba bai ce uffan ba.
Kunnuwansa ne suka yi ja.

A gida ya ce, "Mai gudu tana shan iska da kanta.
Wadda ta tsaya ce ke neman mai yi mata fifita."

Ya yanka kwalin hatsin karin kumallo,
ya zana da'ira uku, ya gwada a jikin lagireto.
Inci sha huɗu ta yi yawa.
Goma, wasan yara.
Sha biyu ta zauna ɗas.
Saura tsakanin lagireto da goshin inji:
inci biyu da rabi, ko gashi bai ƙaru ba.

Dougie mai kayan gyara a Keighley ya ce
a sa ta a gaba, mai turo iska, a huta.
Baba ya girgiza kai.
"Ta tsaya a bakin ƙofa,
ta tare baƙon da aka aike ta kira?
Ba ni siririya, ta baya, mai jawowa,
mai lanƙwasassun fukafukai, kada ta cika mu da ihu."

An haɗo ta da 'yan igiyoyin roba
da ake sokawa ta cikin haƙarƙarin lagireto.
Ya zuba su a kwandon shara.
Kwana biyu yana goge maƙalai na alminiyom.

Da aka zo ɗaurawa, sifana ta faɗi sau biyu.
Tun sanyin bara hannunsa ke rawa.
"Lorna, naki ya fi siranta," in ji shi.
Mu duka mun san ba zancen siranta ba ne.
Na cusa hannu a inci biyu da rabi,
ƙarfe ya karce ni, na lalubo noti a makance,
shi yana haska tocila yana ƙirga mini juyi.

Fis mai amfiya talatin, rile kusa da batir,
makunnin zafi a cikin tiyo.
Ya riƙe 'yar takarda a gaban hanci,
na taɓa waya.
Takardar ta tashi ta mare shi a fuska.
Mun haɗa ta a baibai!
Ya yi dariya har ya dafa bango,
irin wadda ban ji ba tun rasuwar Mama.
Shuɗiya ta koma gurbin baƙa.

Muka tada inji, muka buɗe ƙofa, muka jira.
Tamanin da biyar.
Tamanin da takwas.
Uwargida Ackroyd ta leƙo ta kan shinge, ta koma.
Casa'in.
Casa'in da biyu, ƙwas,
sai wani huci mai laushi,
takardar ta manne a hanci ta ƙi sauka.

Allura ta yi jim, ta fara gangarowa.

Baba ya ɗora tafinsa a kan bonet.
Yana rawa, gaskiya ne,
amma komai na garejin rawa yake a lokacin,
har cokalin da ke cikin kofi.