Gara a Benci na Huɗu

Ni kafinta ne, ban iya wa'azi ba.
Shekara talatin da biyu ina gyaran bencin cocinmu a Samaru.
Na san wanda ke kuka in mai ƙiba ya zauna,
na san wanda yara suka rubuta sunansu a kai da ƙusa.

Shekarar da gari ya rikice mun kwana bakwai a bakin ƙofa,
da tocila, da gora, da shayi mai sanyi,
idonmu a kan titi.
Muka ƙara wa katanga bulo uku, muka ja waya.
Ba wanda ya tuna ya ƙwanƙwasa katako.

Kuma ba baƙo ba ne.
Gayus ne, ɗan Briskila mai ƙosai,
ni na ƙera masa akwatin da ya tafi makaranta da shi.
Ya dawo da kwat mai sheƙi da murya kamar zuma a kan masa,
ya ce talauci la'ana ne,
ya ce in ka shuka dubu goma a faranti
ka bi Ubangiji bashi, dole ya biya.
Ya kawo mai a 'yan kwalabe, kowace dubu biyu.
Ya ce mai bangaskiya ba ya haɗiyar ƙwaya.
Ya ce wa 'yan mata kakanninsu ne suka ɗaure su a ƙauye,
har wata ta daina gaida tsohuwar da ta goya ta.

Gicciyen da na fere da maɗaci
aka sauke, wai ya tsufa, wai yana sa mutane baƙin ciki.
Hotonsa ya hau wurin, yana murmushi, yatsa a sama.

Afiniki ta sayar da keken ɗinkinta ta shuka.
Ta daina kai Damaris asibitin Shika,
ta riƙa shafa mata mai a gwiwa da dare.
Akwatin ma ni na yi. Ƙarami ne, bai ci katako ba.
A bakin kabari aka raɗa mata
cewa bangaskiyarta ce ta gaza.
Ta ce to. Ta ce a yi mata addu'a ta ƙaru.

Dattawa fa?
An sauya kwano, an sayi janareto,
motoci har bakin kwata ranar Lahadi.
Ni kuma aka ba ni aikin sabon mumbari, aka biya ni lakadan.
In baki ya ci, ido kan ji kunya.
Na goge shi da fenti har sau uku.

Baba Irimiya kaɗai, da idonsa ya tafi,
yakan ɗaga sanda daga baya ya ce, "Yaro, a wace aya?"
Sai a ƙara wa ganga ƙarfi.
Yanzu jikansa ba ya kawo shi,
an ce yana hana Ruhu aiki.

Jiya Asabar na je ɗaure ƙafar benci na huɗu.
Fentinsa lafiya lau, yana ɗaukar ido.
Na ɗaga shi sai ya zube mini a hannu,
gari kawai, da 'yan farare suna gudun haske.
Ban san tun yaushe ba.
Gara ba ta ƙara, ba ta fasa ƙofa,
a ƙarƙashinka take ci kana rera waƙa.

Na zauna a ƙasa har aka kira la'asar a masallacin maƙwabta.

Gobe akwai taron membobi bayan sujada.
Na sa guntun katakon a aljihun rigata,
na aika wa jikan Baba kuɗin acaɓa.
Ban iya magana a gaban jama'a ba, gwiwata kan yi rawa,
kuma Briskila za ta kasance a layi na biyu,
tana kallona.