Ɗari Uku da Bakwai

Na idar da asuba, ban tashi daga buzu ba,
waya ta yi kuka a aljihun riga.
Ramlatu ce daga ƙasar Sin.
Can wajensu rana ta take tuni.

"Baba, na shiga jirgin nan da nake ba ka labari.
Tsaya ka gani."
Ta juya mini wayar wajen taga.
Ban ga komai ba sai kore yana zuba,
kamar an watsa ruwan ganye a bango.
"Gonaki ne," in ji ta.
Na ce to, Allah ya ba masu su albarka,
ko da yake ban ga manomi ko ɗaya ba.

Ta nuna mini jan rubutu a saman ƙofa:
ɗari uku da bakwai.
Ta nuna mini shayinta a kan tebur,
kwance lum, ko motsi.

Ni da na yi shekara talatin da ɗaya a reluwe!
Na ɗaga tuta a Kakuri har kafaɗa ta saba.
Na san kukan kowane inji tun bai hau gada ba.
Ni da Bulus mun sha tura akwatin burodi ta taga
mu bi shi a guje.
In mun nufi Kafanchan da hantsi
sai la'asar ta riga mu isa,
mun sayi rake, mun sayi dafaffen ƙwai,
mun yi faɗa da mai goro, mun shirya,
wata ta haihu a tarago na uku
mun ji sunan da za a raɗa kafin mu sauka.

Na ce, "Wa ke miƙo muku gyaɗa ta taga?"
Ta yi dariya irin ta uwarta.
"Baba, tagar ba ta buɗuwa."
Ta rage murya: "Na ji tsoro da ya tashi.
Na yi addu'ar hawa abin hawa,
kafin in kai ƙarshe gari ya ɓace.
Tsohuwar da ke gefena ta ba ni ɓawon lemo in shaƙa.
Ban san yarenta sosai ba,
na dai ce na gode har sau uku."

Sai suka shiga cikin dutse.
Fuskarta ta daskare, baki a buɗe,
rabin magana a ciki.

Na zauna da wayar a hannu ina lissafi,
abin da bai kamata tsoho ya yi da sassafe ba.
Daga nan zuwa Gusau, a wannan gudu,
awa guda, ko da ɗan ɗori.
Shekarar da aka aiko Inna na jin jiki
injinmu ya mutu bayan Funtuwa.
Muka kwana a daji, ina riƙe da ledar magani.
Na isa na tarar an share ƙofar gida,
an shimfiɗa tabarmi,
ƙanena na wanke laka daga ƙafarsa.
Awa guda.

Ban gaya wa Ramlatu ba.
Da wayar ta dawo har sun sauka,
tana jan akwati cikin mutane kamar tururuwa,
tana cewa, "Baba, kana ji na?"
Ina ji, 'yar nan. Riƙe jakarki da kyau.

Da hantsi na taka zuwa tsohon layi.
Awaki na kwance tsakanin ƙarafa,
wata mata ta shanya barkono a inda nake tsayawa da tuta.
Na durƙusa, gwiwa na ƙara,
na ɗora tafin hannu a kan dogo
yadda muke yi da, mu ji ko yana tafe.

Ɗumin rana kawai.
Matar ta ce, "Baba, wani abu ka yar?"
Na ce a'a, jirgi nake jira.
Ta dube ni, ta matsar da barkononta kaɗan.