Tsatsa

A Legas komai yana tsatsa:
kwanon rufi, ƙusar ƙofa, ƙarfen gada.
Farfesa Adebiyi ta ce haka ƙwaƙwalwa take,
iskar da ke raya mu ita ke cin mu a hankali.

Ni aikina ɓeraye.
Arba'in, farare tas, a ɗakin gwaji na Idi-Araba.
Mun yi musu allurar mantuwa da gangan,
Allah Ya yafe mana,
rabinsu kuma kowace safiya
ina ɗiga musu maganin hana tsatsa a baki.

Akwai babban baho, ruwansa fari kamar farau-farau,
da ɗan tudu ɓoye a ƙarƙashi.
In saka ɓera, in danna agogo.
Wanda bai sha magani ba sai ya yi ta zagaya gefe
kamar danfo mai neman fasinja a Oshodi,
har in sa hannu in tsamo shi.

Lamba sha bakwai, mai yagaggen kunne,
ran Litinin daƙiƙa hamsin da shida.
Ran Alhamis sha ɗaya,
kai tsaye, kamar an kira sunansa.
Na rubuta, biro yana rawa a hannuna.

"Ɓera ba mutum ba ne, Tanimu," in ji Farfesa.
"Shekara goma, ko ashirin, ko babu."
Na sani. Ai ni ke wanke kejinsu.

Bayan la'asar na kama hanyar Agege.
Baba yana zaune a bakin shago,
kekensa na ɗinki lulluɓe da buhu.
Shekara talatin yana riƙe awon mutane a ka,
wuya, kafaɗa, tsawon hannu,
bai taɓa rubutawa ba.
Ya dube ni ya ce, "Sannu, malam. Wurin wa ka zo?"

Na ce wurin tela.
Ya ce, "Ya fita, amma ka jira shi."

Na jira.
Na yaye buhun, na ɗauko ɗan gwangwanin mai,
na ɗiga a duk inda ya yi ja,
na juya ƙarfen har ya daina kuka.
Baba ya matso da kujerarsa.
Ƙafarsa ta lalubi ƙasa, ta lalubi iska,
ta sami feda,
ta taka.

Babu zare, babu yadi.
Agogon yana cikin aljihuna.
Ban danna ba.