Ƙofa Ta Biyar

Na sauka daga keke a Taminus
da faifai ɗaya cikin ambulan,
rubutun Baba a bayansa: "Gwaji, 1997."

Shagon Dabo bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
Ya karɓi sabuwar kwamfutata da yatsa uku,
ya ce wannan ai ba ta da bakin cin faifai,
ya jawo wata na'ura daga ƙarƙashin benci
ya hure mata ƙura, ya jona.

Manhajar ta buɗe, shuɗiya kamar baba a marina.
Ga layin murya yana hawa yana sauka,
tsaunukan Shere a kan allo.
Baba na magana.
Ba ma jin komai.

Dabo ya canja lasifika. Shiru.
Ya sa abin kunne, ya cire, ya sosa ƙeya.
Ya sauke direba, ya ɗora wani,
aka ɗauke wuta,
muka zauna muna sauraron janaretan maƙwabci
yana tari kafin ya tashi.

"Hajiya," in ji shi, "tsohuwar nan ba kurma ba ce.
Katin sauti take kira da sunan da ta sani,
gida mai lamba ɗari biyu da ashirin,
ƙofa ta biyar.
An rushe unguwar tun tuni."

Na leƙa waje, ga ƙwarangwal ɗin babbar kasuwa.
Na san masu zuwa har yau
su nuna iska da yatsa, su ce nan rumfata take.

"To yaya za a yi?"

"Sai mu yi mata ƙarya."

Ya gina mata ɗaki a cikin ɗaki,
tsohuwar kwamfuta ta bogi a cikin sabuwa,
ya rubuta lambar gidan a jikin bango,
ya kafa ƙofar inda ta saba ƙwanƙwasawa.

La'asar ta wuce. Shayina ya huce.
Sai ga ƙara,
tsit-tsit-tsit, kamar 'yan tsaki a kwali,
Baba na gudu da murya irin ta yaro.
Dariya ta ƙwace mini, na toshe baki da mayafi.

"Saura kaɗan. Sauri ya yi mata yawa."
Ya rage wata lamba. Ya ƙara ragewa.

Gyaran murya.
Wannan gyaran muryar,
mai zuwa kafin faɗa, kafin addu'a.

Shekara goma sha ɗaya ina tanadin kunne
don wasiyya, ko wata magana mai nauyi.

"Ya ɗauka? Wannan jan yana nufin ya ɗauka?
Lantana, rufe ƙofar nan,
sanyi na shigowa."

Daƙiƙa tara ke nan duka.

Dabo ya kalli ƙasa yana naɗe waya.
Ni kuwa, da jikoki biyu a gida,
na miƙe tsaye
na tura ƙofar shagon mutane.